Ba A Sake Wa Tuwo Suna: Hujjarmu Ga Uban Da Ya Raɗa Wa Ɗansa Garba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Wata sabuwar fitina ta shigo zangunanmu na ƙasar Gana, tun daga Kumasi har Ankara babban birni, tun daga Tamale har Sekondi, kuma ba ta tashi sai a ranar da ta fi cancanta da farin ciki, wato ranar suna. Liman zai yi addu'a, a shafa fatiha, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Garba, ko Mamman, ko Audu, ko Tanko. Nan take sai cikin gida ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta. Guɗa ta maƙale a maƙogwaro, gwaggo ta ture farantin goro, dangin mai jego su shiga ɗaki su rufe ƙofa. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa wane ya cuci ɗansa, ya laƙaba masa sunan tsofaffi.

Mu da muke riƙe da littafin zauren dattijon unguwa, muna rubuta aure da suna da rasuwa da sulhu, irin wannan ƙara ta fara yawaita a gabanmu, har muka ga bai kamata a ci gaba da kashe ta a zaure kaɗai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matsayinmu a fili yake: uban da ya zaɓa wa ɗansa sunan kakanninsa ya yi daidai a shari'a, ya yi daidai a al'ada, kuma masu zarginsa su ne ya kamata su kawo hujja. Mun saurari hujjojin nasu sau da yawa, ba su wuce huɗu ba. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wadda ta fi fitowa daga bakin iyayenmu mata da 'yan'uwanmu 'yan boko, ita ce wai waɗannan sunaye sun tsufa, sunayen ƙauye ne, sunayen masu gadi da 'yan dako ne. To, muna tambaya: wa ya sari dajin da kuke zaune a cikinsa yau? Fataken da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka yi wata da watanni a hanya da jakuna, suna ɗauke da kanwa da fata da riguna zuwa Gwanja don su sayi goro, da waɗanne sunaye ake kiransu? Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, jama'a suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku, su wane ne suka kafa masallatai da makarantun allo a inda suka sauka? Sabon Zango na Ankara, Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20. Zangon Kumasi ya ga sarautar Malam Sallau a zamanin Turawa. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin wannan ƙasa da Kano kafin ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, duniya ba ta san shi da komai ba sai laƙabin da ya samo daga matar da ta raine shi. Baƙo da Sallau da Ɗantata: waɗannan ne sunayen ƙauyen?

Akwai abin da ya fi wannan zafi, kuma mu ne shaidunsa domin a gabanmu ake buɗe takardu. Gidan da ake rabon gadonsa, ana jayayya a kan kowane ɗaki da kowane shago, in ka duba takardar filin sai ka tarar da sunan wani Garba ko wani Bawa a kanta. Ba mu taɓa ganin magajin da ya ce ba ya son rabonsa don sunan mai gidan ya tsufa ba. Ana karɓar gumin mutum hannu bibbiyu, ana tsantsamin sunansa. In wannan ba butulci ba ne, a gaya mana sunansa.

Kuma tsufan suna, tun yaushe ya zama aibi? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka haifa masa ɗa namiji a Madina, sai ya waiwaya baya ƙarnuka masu yawa ya ɗauko sunan kakansa Annabi Ibrahim ya sa masa. Ya kuma bayyana wa sahabi Mugira ɗan Shu'uba cewa mutanen da suka gabata sun kasance suna sa wa 'ya'yansu sunayen annabawansu da salihan bayin da suka riga su. Ashe komawa ga tsohon suna hanya ce ta annabawa. Kowane tsoho da kuke gani da furfura ana ce masa Malam Audu, ya taɓa zama jariri ɗan kwana bakwai ana ce masa Audu. Sunan bai tsofar da shi ba, shekaru ne suka yi aikinsu, kuma za su yi wa Zayyan da Aiman irin wannan aikin in Allah Ya ba su tsawon rai.

Ku dubi maƙwabtanmu da muke zaune a cikinsu. Sarkin Tonawa na yanzu, da ya hau gadon mulki a 1999, sunan Osei Tutu ya ɗauka, sunan wanda ya kafa daular shekara ɗari uku da suka wuce, kuma babu Batonen da ya ce ya tsufa. Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo wa ƙasar nan 'yancin kai a 1957, yana da sunan Turawa, Francis, amma ya ajiye shi ya riƙe na gida. Kwame na nufin wanda aka haifa ranar Asabar, Nkrumah kuwa ɗa na tara. Kofi Annan, haifaffen Kumasi, ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006. Kofi na nufin haihuwar Juma'a, Annan kuwa ɗa na huɗu. In ka mayar da sunayen nan biyu Hausa, na farko Ɗan'asabe Tasi'u ne, na biyu Ɗanjuma Rabi'u. Da a gidajenmu aka haife su, da gwaggo ta ture goro. A farkon 2018, da ofishin rajistar haihuwa ya ce ba zai ƙara rubuta irin su Nana da Nii da Maame ba, wai laƙuban girmamawa ne, ƙasar ta ɗauki zafi, magana ta kai majalisar dokoki, aka janye umarnin. Su suna faɗa da hukuma don a rubuta sunayen gidansu, mu kuwa muna faɗa da 'ya'yanmu don kada a rubuta namu.

Hujja ta biyu tana fitowa ne daga samarinmu masu ɗan karatu, Allah Ya ƙara musu fahimta. Suna cewa Garba da Mamman da Audu ɓata sunan Larabci ne, Tanko da Gambo da Nomau kuwa ba sunayen Musulunci ba ne. Wannan magana tana da kamar ilimi, amma duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta nahawu ya san ba ta da ƙafa. Malaman nahawu sun karantar da mu cewa Ibrahim da Isma'ila da Is'haƙu da Yaƙubu da Yusufu ba kalmomin Larabci ba ne, ajami ne, shi ya sa ba sa karɓar tanwini. Daga cikin annabawan da Alƙur'ani ya ambata, huɗu ne masu suna na Larabci: Muhammadu, Salihu, Shu'aibu da Hudu. In har sharaɗin sunan Musulmi shi ne ya zama Larabci, to an fitar da mafi yawan annabawa daga sahu.

Abin da Annabi ya canza shi ne suna mai mummunar ma'ana ko mai yabon kai. Ya mayar da Barra ta koma Zainab saboda sunan na tsarkake kai ne. Ya so ya mayar da Hazanu, kakan Sa'idu ɗan Musayyibu, ya koma Sahalu, domin Hazanu na nufin tsauri. Amma bai taɓa ce wa wani ya sake suna don harshen da sunan ya fito ba. Larabawa da kansu yadda muke sa suna haka suke sawa. Suna da Jumu'a da Khamisu da Ramadan da Rajab, kamar yadda muke da Ɗanjuma da Ɗanlami da Ɗan'azumi da Sallau. Suna da Maɗar, wato ruwan sama, muna da Anaruwa. Ɗalha itace ne mai ƙaya, Hanzala ɗan itace ne mai ɗaci, Sakharu dutse ne, Abbas mai murtuke fuska ne. Ba ma'anar kalmar ce ta ɗaukaka waɗannan sunaye ba, mazajen da suka ɗauke su ne. To, me ya sa Balarabe zai sa wa ɗansa Dutse a ce sunan Musulunci ne, Bahaushe ya sa wa nasa Tanko, wato namijin da ya biyo bayan mata, a ce ya kauce?

Shi kansa Abubakar da ake cewa Garba ya ɓata, alkunya ce, ba sunan yanka ba. Sunan Sayyidina Abubakar Abdullahi ne, bakaru kuwa saurayin raƙumi ne. Abu Huraira ma laƙabi ne, mai 'yar kyanwa, har malamai suka yi saɓani a kan ainihin sunansa. Ruwayar Warshu da kakanninmu suka haddace Alƙur'ani da ita, kuka tashi kuna wanke allonta, Warshu laƙabi ne da malaminsa Nafi'u ya sa masa, sunansa Usmanu ɗan Sa'idu. Abokin karatunsa Ƙaluna shi ma laƙabi ne, kuma malamai sun ce kalmar ta Rumawa ce. Gajarta suna don ƙauna kuwa, Annabi da kansa ya yi: ya kira A'isha da A'ish, ya kira Anas da Unaisu, ya kira Abu Huraira da Aba Hirrin.

Kowace al'ummar Musulmi ta narkar da sunayen nan a bakinta, kuma alama ce ta daɗewa a cikin addini. Sarkin da ya ci Kusɗanɗiniya a 1453, Turkawa Mehmet suke ce masa. Mutanen Mali da Gini suna cewa Mamadu, Barebari suna cewa Bukar, Fulani suna cewa Buba, Dagwambawa da Gwanjawa suna cewa Mahama da Bukari da Fuseini. Mu kuma muka ce Mamman da Garba da Habu da Iro da Sule da Ado da Ya'u. Sai sunan ya kwana a gida ƙarni bayan ƙarni kafin harshe ya lanƙwasa shi haka. Wanda ya ce Mamman yana ba da shaida ne cewa Musulunci ya daɗe a zuriyarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, babu mai zarginsa da sakaci da sunna, amma ɗansa da ya gaje shi duniya ta san shi da Bello, wani ɗan nasa da Sambo, kuma duka biyun kalmomin Fulatanci ne. Waliyyan Katsina na ƙarni na 17, da Ɗan Marina da Ɗan Masani ake kiransu har gobe. Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499 ya kuma sauki Shehu Magili, Rumfa ya tafi da shi kabari.

Bari mu ɗan taɓa masu gyaran da kansu. An ƙi Audu an rungumi Abdul. Audu dai Abdu ne, kalma cikakkiya, ma'anarta bawa, kuma shi ne Bawa da Hausa, sunan da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ɗauka. Abdul kuwa rabin magana ne, an ce bawan, an yi shiru ba a faɗi na wa ba. An ƙi Usmanu an ce ya zama gama-gari, an zaɓi Affan, alhali Usmanu shi ne halifa na uku, surukin Annabi sau biyu, Affan kuwa mahaifinsa ne da ya mutu tun kafin Musulunci. Wasu sunayen ma daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya aka tsinto su, in ka tambayi ma'ana sai a ce a intanet aka gani. Ba mu ce sababbin sunaye haramun ne ba. Rayyan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi, wanda ya sa shi da sani ya kyauta. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki kayan aro a wulaƙanta na gida da shi, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, domin daga tsoro ta fito, kuma tsoron yana da tushe. Ana cewa sunan Hausa zai nuna yaro a matsayin baƙo, ya wahalar da shi wurin neman takardun ƙasa da aiki. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasa, gidaje suka watse, aka rabu da dangi har abada. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba za mu yi masa dariya ba in ya ji tsoron suna. Amma a yi tunani da kyau. Ma'aikacin da ya ƙudura zai tuhumi Garba, zai ɗauki Zayyan Batone ne? Sunan uba da na kaka suna nan a kan takardar, unguwar da yaro ya fito tana nan, harshensa yana nan. An yi asarar suna, ba a sayi aminci ba. Abin da ke kare yaro shi ne a yi masa rajistar haihuwa da wuri, wadda kyauta ce a cikin shekararsa ta farko, a adana takardun iyaye da na kakanni, a sa shi makaranta. Kuma ƙasar nan ta riga ta nuna cewa irin sunayenmu ba shinge ba ne. Aliu Mahama ya riƙe mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa 2025. Babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Sule Muntari ya buga ƙwallo a manyan ƙungiyoyin Italiya da sunan da aka raɗa masa a gida. Wanda ya ɓoye sunansa yana koya wa mai tuhuma cewa akwai abin ɓoyewa.

Masu cewa za a yi wa yaro dariya a makaranta kuwa, mu tambaye su: su wa za su yi dariyar? Kwabena ne, ko Yaw, ko Tetteh, waɗanda su ma sunan rana da na jerin haihuwa suke ɗauke da shi? Yaro ba ya jin kunyar sunansa sai ya fara ganin kunyar a fuskar mutanen gidansu. In gwaggo ta yatsine fuska duk lokacin da ta kira shi, ta riga 'yan ajinsu yi masa dariyar. In kuwa aka zaunar da shi aka ce sunan kakanka ne, wanda ya gina gidan nan, ya yi limanci ko ya yi fatauci, ya ciyar da baƙi, to an ba shi garkuwar da babu ɗan makarantar da zai huda.

Hujja ta huɗu ta mata ce, kuma ta kunya ce: yaya mai jego za ta kira sunan surukinta? Wannan tambaya al'ada ta amsa ta tun kafin a haife mu. Don haka aka yi Abba da Baba da Babangida da Maigida da Maisuna da Magaji. Yaro ya ci sunan kakansa a wurin yanka, uwa da matan gida su kira shi da alkunya, kowa ya san sunan gaskiya yana nan. Wannan alkunya girmama sunan take yi. Abin da ake yi yanzu daban ne: dangi su ƙi sunan ɗungum, su ƙirƙiro wani, su dage sai ya binne na yanka. Ta farko ladabi ce, ta biyu tawaye ne da aka yi wa lulluɓi.

Tawayen nan kuwa yaron ne ke biyan kuɗinsa. Mun ga gidan da uba ya yi rajista da sunan yanka, uwa ta kai yaro makaranta da sunan da danginta suka zaɓa, kawu ya yi masa katin asibiti da na uku. Shekara goma sha takwas bayan haka, ga saurayi da takardar jarrabawa mai suna ɗaya, takardar haihuwa mai wani, ana neman fasfo ko gurbin karatu, sai yawon rantsuwa a kotu da biyan kuɗin bugawa a jaridar gwamnati. Waɗanda suka haddasa abin suna gida suna shan koko. Mun kuma ga inda wannan gardama ta sa mace ta ƙi dawowa daga wankan gida, aka yi wata huɗu ana sulhu, saura ƙiris igiya ta tsinke a kan harafi biyar. Da aka kira saurayin zaure, abin da ya faɗa wa yayar mahaifinsa bai wuce wannan ba: "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara. Sunan mahaifinki ne, shi ya riƙe ni da babana ya rasu. In ban sa ba, wa zai sa?" Zauren ya yi shiru, domin babu mai amsa.

To, haƙƙin wa ne? Mu nan mazhabar Imamu Malik muka gada, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid da muka karanta tun muna yara ta koya mana hukuncin ranar bakwai: a yanka dabba ɗaya da hantsi, a aske kan jariri, a yi sadaka da nauyin gashin na zinariya ko azurfa. Ɗawainiyar nan a wuyan uba take. Shi ake dangantawa da yaro, kamar yadda Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya keɓe littafi guda a kan hukunce-hukuncen jariri, ya kuma bayyana cewa in iyaye biyu suka yi saɓani a kan suna, maganar uba ce ke tabbata. Gwaggo tana da girma, kawu yana da girma, kaka tana da girman da ya fi nasu, amma girma daban, haƙƙi daban. Shawara suke da ita, ba su da hukunci.

Kada wani uba ya ɗauki wannan rubutu ya mayar da shi sanda. Matar da ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, tana zaune cikin ruwan zafi, ba baƙuwa ba ce a maganar sunan ɗanta. Nana Maryamu mahaifiyarta ce ta sa mata suna, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana. Mijin kirki yana shawartar matarsa tun ciki na tsufa, ya gaya mata dalilinsa, ya saurari nata, ya bar mata zaɓin alkunya, ko ya yi mata alkawarin na gaba. Kuma ba kowane tsohon suna ne muke kira a tono ba. Sunan da aka gina a kan camfi, irin Ajuji, da sunan da ke da alaƙa da bori, da wanda ke aibata halittar yaro, gara a bar su inda zamani ya bar su. Haka nan ba daidai ba ne a yanke Abdurrahman a kira yaro da Rahman tsura, domin sunan Ubangiji ne. Ma'auninmu shi ne wanda shari'a ta ajiye: kyawun ma'ana da kyawun wanda aka yi wa takwara. Garba da Mamman da Audu da Sule da Tanko da Gambo da Balarabe duk sun haye wannan ma'auni ba tare da tangarɗa ba.

Akwai dalilin da ya sa maganar nan ta fi damunmu a zango fiye da yadda za ta dami mutumin Kano ko Damagaram. Shi can ko ya sa wa ɗansa sunan da ya ga dama, ganuwa tana nan, kasuwa tana magana da Hausa, kabarin kakansa yana bayan gari. Mu nan jikokinmu suna tashi da Turanci da Tonanci a baki, Hausar tana ƙanƙancewa daga tsara zuwa tsara, da yawa ba su taɓa taka garin da kakansu ya fito ba. Abin da ya rage a hannun yaro wanda ba ya tsufa, ba ya ɓacewa a ƙaura, ana kiransa da shi sau hamsin a yini, shi ne sunansa. Suna linzami ne, in ji magabata. In muka cire wannan linzamin da hannunmu, kada mu yi kuka ranar da dokin ya ƙi juyowa gida.

Saboda haka, ya kai saurayin da Allah Ya ba ɗa namiji, kana son ka yi wa mahaifinka ko kakanka ko malaminka takwara: yi niyya mai kyau, ka shawarci matarka, ka je da ƙafarka ka durƙusa gaban manyanka tun kafin ranar bakwai, ka gaya musu da tattausan harshe. In sun yarda, alhamdu lillahi. In sun ƙi, ka yi haƙuri da faɗansu, kada ka mayar da baƙar magana, kada ka yanke gaisuwa, amma ka raɗa sunan. Ka rubuta shi a rajista a cikin makon, da harufa iri ɗaya a kowace takarda. Fushin suna ba ya daɗewa. Ranar da yaron ya fara rarrafe ya kama zanen gwaggo, ita ce za ta fara yi masa kirari.

Ya ku iyayenmu mata, gwaggonni da innoni da kakanni, Allah Ya ƙara muku girma: ku kuke rainon harshe, a bakinku yaro ke fara jin sunansa. Kada ku bari ya ji shi da ɗaci. Ku tuna wanda aka yi wa takwaran nan, sau da yawa mahaifinku ne ko mijinku. Ya ku malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta muku: in aka kawo muku huɗubar suna, ku faɗa wa jama'a ma'anarsa da tarihin mai shi, ko da cikin minti biyu ne, domin jahiltar suna ita ce uwar raina shi. Ku kuma samarinmu masu karatu, ku ƙara zama gaban malamai kafin ku haramta abin da Shehu da almajiransa suka gani suka bari.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa mana zangunan nan, Ya haskaka kaburburansu. Allah Ya raya mana 'ya'yanmu bisa tafarkin Musulunci, masu tsohon suna da masu sabo, Ya sa su yi halin waɗanda aka yi wa takwara. Allah Ya kiyaye zumuncinmu daga abin da bai kai ya raba mu ba. Wassalamu alaikum.